Tabarma ko Kujera: Gardamar Uwa da Ɗa a Bulpiela

A unguwar Bulpiela ta birnin Tamale, ba nisa da dam ɗin da masu lambu ke ɗiban ruwa da rani, akwai wata Hajiya da ta shafe shekaru masu yawa tana sayar da tuwo da miyar ayoyo a rumfar ƙofar gidanta. Da kuɗin tuwon nan ta aurar da 'ya'yanta mata, da shi ta sauke farali, da shi kuma ta riƙe karatun autanta har ya samu gurbin ƙaro ilimi a ƙasar Koriya ta Kudu. Da Allah Ya hore mata abin da za ta rushe rumfar ta gina ɗakin cin abinci sosai, sai aka zauna shawarar yadda za a tsara cikinsa, mu ma aka kira mu a matsayinmu na maƙwabta. A nan ne gardama ta tashi, kuma ta ɓullo ta inda ba mu zata ba.

Kowa ya ɗauka wanda ya dawo daga ƙasar waje shi ne zai nemi gilashi da kujeru masu sheƙi. Ashe ba haka ba ne. Yaron cewa ya yi a shimfiɗa tabarmi, a sa gajerun tebura, kowa ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa. Hajiya ce ta kafe a kan tayil da kujerun roba da talabijin a bango. Ta ce ta gaji da durƙuso, kuma idan ta zuba kuɗinta ta gina ɗaki sa'an nan ta zaunar da mutane a ƙasa, 'yan unguwa za su ce har yanzu tana nan inda take. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, “Mma, a can inda na fito, masu hali ne ke biyan tsada domin su ci abinci a ƙasa.” Ta dube shi ta ce ai sai ya koma can ya sayar musu.

An yi dariya, amma maganar ba ta wasa ba ce. Gumin shekaru ne za a zuba a gini ɗaya, kuma idan tsarin bai karɓi masu cin tuwon ba, rumfar gaba za su koma. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba yadda mutanen Koriya ke tsara gidajen abincinsu, da abin da ya faru lokacin da tsarin nasu ya haɗu da buƙatun Musulmi a babban birninsu, ko ma samu abin da zai amfani duk iyalin da ke shirin gini.

Gidan da ake farawa daga daɓe

Yawancinmu mun san Koriya ta Kudu ne ta wayar Samsung da motocin Hyundai da Kia, ko ta fim ɗin Jumong da ya hana matasa barci, ko kuma ta wasan ranar 28 ga Nuwamba 2022 a Ƙatar, inda Gana ta ci su 3 da 2, Mohammed Kudus ɗan Nima ya zura biyu. Abin da ba kasafai muke ji ba shi ne yadda suke zama a cikin gida, alhali daga nan ne tsarin gidajen abincinsu ya samo tushe.

Ƙasa ce mai tsananin sanyi, ta yadda a watan Janairu ruwa daskarewa yake yi a birnin Seoul. Tun ƙarnoni da suka shuɗe magabatansu suka gano dabarar da suke kira ondol. Ana gina murhu a madafa, ƙasa da matakin ɗaki. Hayaƙi da zafin wutar ba sa tashi sama kai tsaye, sai su bi ta wasu hanyoyi da aka gina a ƙarƙashin ɗakin, waɗanda aka rufe da faffaɗan duwatsu, aka shafe da laka, aka liƙe samansu da takarda mai kauri da ta sha mai, kafin su fita ta bututu a ɗaya gefen gidan. Wutar da ta dafa shinkafa ita ce ke ɗumama wurin kwana. A yau bututun ruwan zafi ne ke ratsa ƙarƙashin daɓe a dogayen benayensu, amma sunan bai canja ba, kuma a 2018 gwamnatinsu ta sanya ondol cikin jerin al'adun gado na ƙasa. Dattawanmu da suka tashi a ƙasar Hausa ba za su yi mamakin wannan ba, domin sun san gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, wanda ake zuba wa garwashi da hunturu saboda tsofaffi da masu jego. Bambancin shi ne mu gado muka ɗumama, su kuwa ɗakin gaba ɗaya.

Idan daɓe ne wuri mafi ɗumi a gida, to a kansa za a zauna, a kansa za a ci, a kansa za a kwana. Wurin da za a ci a kwana kuwa ba a shiga masa da takalmi. Saboda haka kayan ɗakinsu suka zama gajeru, tagogi suka sauko daidai idon wanda ke zaune, shimfiɗa kuma a naɗe ta da safe a ajiye. Domin lokacin zafi suna da maru, wato falon katako da aka ɗaga daga ƙasa, iska na ratsa shi ta gaba da baya. Ƙofofi da tagogi na sassaƙaƙƙen itace ne da aka liƙa wa hanji, takardar da suke yi da ɓawon wata bishiya, wadda ke barin haske ya shigo a tausashe ba tare da na waje ya ga na ciki ba.

Akwai wani abin da ya fi ba mu mamaki. A zamanin daular Joseon, wadda aka kafa a 1392, gidan babban mutum kashi biyu ne. Akwai sarangchae a gaba, inda maigida ke karatu yana karɓar baƙi maza, akwai kuma anchae a ciki, inda mata da yara suke, baƙo ba ya wucewa can. Koyarwar Kwanfushiyas ce ta kai su ga wannan tsari, amma duk Bahaushen da ya ji bayaninsa zai ce ai zaure ne da cikin gida. Abinci kuwa a kan wani ɗan tebur mai suna soban ake kawo shi, kowane mutum da nasa, kuma garuruwan Naju da Tongyeong da Haeju sun shahara da sassaƙa shi, kowanne da irin ƙirarsa. A bayan gida akwai dandamalin da ake jera randunan ƙasa, cikinsu da kimchi da miyar waken soya da aka tsima. Wanda ya san warin daddawa ba zai yi baƙunta a wurin ba. Hukumar UNESCO ta karɓi al'adar haɗa kimchi cikin gadon duniya a 2013, ta tsimin waken soya kuma a 2024.

Gidan abincin Koriya na gargajiya wannan gida ne aka buɗe wa jama'a. Kana shiga za ka tarar da mataki da ma'ajiyar takalma. Ka hau daɓe mai tsabta, ka zauna a kan 'yar matashi a gaban gajeren tebur. A manyan wurare akwai ƙananan ɗakuna masu ƙofar turawa gefe, inda iyali ko abokan aiki ke keɓewa. A gidajen gashi, murhu na tsakiyar teburin, bututu kuma ya sauko daga rufi yana zuƙe hayaƙin. Cokula da sandunan cin abinci na ƙarfe galibi suna cikin aljihun tebur, ga kuma maɓallin da za ka danna idan kana buƙatar mai hidima. Ƙananan kwanukan mahaɗi, waɗanda suke kira banchan, a tsakiya ake jera su kowa ya miƙa hannu, kuma ba a fara ci sai babba ya ɗauki cokalinsa.

Sai dai adalci ne mu faɗi abin da ɗan Hajiya bai so faɗa ba sai da muka matsa masa. Su kansu mutanen Koriya suna barin zaman ƙasa a gidajen abinci. Tun cikin shekarun 2010 wurare da yawa suka kwashe gajerun tebura suka sa kujeru, har ƙananan hukumomi na ba da tallafin kuɗi domin a yi hakan. Kafin gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Pyeongchang a 2018, an taimaka wa masu gidajen abinci na yankin su canja zama saboda baƙin da ba su iya tanƙwashe ƙafa ba. Amma babban dalili na cikin gida ne. A watan Disamba 2024 adadin masu shekara 65 zuwa sama ya kai mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar, kuma gwiwar tsoho ba ta san al'ada ba. Ga masu keken guragu, ga kuma mata masu hidima da ke yini suna sunkuyawa da tire mai nauyi. Da Hajiya ta ji wannan sai ta gyara zama ta ce ashe ma dai ba ita kaɗai ce bayanta ke ciwo ba. Wasu wuraren sun bi hanyar tsakiya: ko dai a haƙa rami a ƙarƙashin tebur mutum ya zauna a daɓe ya zura ƙafafunsa, dabarar da aka aro daga Japan, ko kuma a sa kujeru amma a bar dokar tuɓe takalmi.

A gindin masallacin Seoul

Inda al'adu biyu suka haɗu a fili shi ne unguwar Itaewon, wadda ta daɗe da zama matattarar baƙi saboda maƙwabtakarta da sansanin sojan Amurka na Yongsan. 'Yan Afirka ta Yamma ma suna da shagunansu a can. Musuluncin Koriya na wannan zamani ya faro ne daga sojojin Turkiyya da suka je yaƙin 1950 zuwa 1953, waɗanda limamansu suka karantar da 'yan ƙasa na farko da suka karɓi addinin. An kafa Tarayyar Musulmin Koriya a 1967, gwamnatin Park Chung-hee ta ba da fili a kan tudu, Saudiyya da wasu ƙasashen Musulmi suka ba da kuɗi, aka buɗe Babban Masallacin Seoul a 1976. A kan titin Usadan da ke hawa zuwa masallacin ne mahauta da masu burodi da masu sayar da littattafai suka yi sansani.

Shekaru da dama abincin da Musulmi ke samu a wannan titi na Turkawa ne da Larabawa da 'yan Pakistan da Indiya. Ɗalibi zai iya gama digirinsa a ƙasar bai taɓa ɗanɗana bulgogi ba, wato gasasshen naman sa da aka jiƙa a miyar soya, ko samgyetang, farfesun kazar da aka cusa wa shinkafa. Dalili kuwa a fili yake. Naman alade da barasar soju su ne ginshiƙin cinikin dare a gidan abincin Koriya, kuma ko abincin da ba a ganin komai a cikinsa yana iya ɗauke da giyar girki, ko ruwan barasar da wasu kamfanoni ke zubawa a yajin gochujang da miyar soya domin kada su lalace. A cikin shekarun 2010 ne aka fara buɗe gidajen abincin Koriya na halal a kewayen masallacin, wasunsu na iyalan Koriyawa Musulmi. A 2013 hukumar JAKIM ta Malesiya ta amince da shaidar halal da Tarayyar ke bayarwa, a 2016 kuma hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta kasa gidajen abinci kashi huɗu domin baƙi Musulmi: masu takardar shaida, waɗanda mai gidan Musulmi ne ya ba da tabbaci da kansa, masu wasu nau'o'in abinci na halal amma ana iya samun barasa, da waɗanda alade kawai suka cire. Kasuwa ce ta tura su, ba mu ce tsoron Allah ba, domin baƙi Musulmi, galibi daga Indonesiya da Malesiya, sun kai kimanin miliyan ɗaya a shekara kafin annobar korona.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne me ya canja a cikin ɗakin. Firjin da ke cike da korayen kwalaben soju ya fita, ko kuma ya koma na ruwa da lemo. Hotunan tallan barasa masu ɗauke da 'yan matan fim, waɗanda suka cika bangon gidajen abinci na gari, sun sauka. Madafa ce ta fi shan gyara, domin tukunya da wuƙa da katakon yanka da ragar gashin da suka taɓa alade ba su da wuri, kuma dole a san inda kowane nama da kowace kwalbar miya suka fito. Maimakon barasa akwai shayin sha'ir da suka saba sha tun asali, da sikhye mai zaƙi da ake yi da shinkafa, da sujeonggwa na kirfa da citta, wanda ɗan Hajiya ya ce lamurjen Zango yake tuna masa. Waɗanda ke gindin masallaci ba su buƙatar wurin salla, amma a wuraren da baƙi ke yawan zuwa nesa da shi, kamar tsibirin Nami, an tanadi ɗakin salla da wurin alwala tare da gidan abinci na halal.

Sa'an nan ga abin da bai buƙaci canji ba ko kaɗan. Tuɓe takalmi a ƙofa, daɓe mai tsabtar da za a iya shimfiɗa darduma a kansa, ɗaki mai ƙofa inda mace za ta ci abinci da iyalinta a sake, girmama babba a wurin ci, miƙa abu da hannu biyu, duk waɗannan Musulmi ya tarar da su ne suna jiransa. A ganinmu nan ne haɗuwar ta yi kyau, domin a bakin ƙofa da wurin zama da madafa aka yi ta, wuraren da ƙafar mutum da cikinsa ke shaidawa. Wanda ya rataya fitilar takarda kusa da hoton Ka'aba ya tsaya nan, ado kawai ya yi. Mu ma muna da irin wannan a biranenmu: za ka shiga wuri ka ga an kafe ƙwarya da kalangu da tsohuwar fartanya a bango an ce gargajiya ce, amma babu inda za ka wanke hannu sai bayi, kuma idan lokacin salla ya yi sai ka fita bakin titi kana neman kwali. Titin Usadan ɗin kansa ya fara canjawa, domin tun daga ƙarshen 2023 aka soma tashin mazauna wani ɓangare na unguwar Hannam da ke maƙwabtaka da masallacin saboda za a rushe a gina benaye.

Mu ma ba yau muka fara ba

Mutumin Tamale bai kamata ya ji haɗa al'adu biyu a ɗaki ɗaya baƙon abu ba ne, domin a cikinsa aka haife shi. Fataken Hausa sun yi ƙarnoni suna bin hanyar Gwanja da jakuna, suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna komowa da goro daga kasuwar Salaga. Yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa Salaga, mutanenta suka bazu zuwa Kete Krachi da Yendi da Kumasi da sauran garuruwa, kuma da Turawan Ingila suka mayar da hedikwatarsu ta arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, sai Zango ya kafu ya bunƙasa a nan. Abin da ya biyo baya yana cikin kwanonmu. Tuwon da Dagwambawa ke kira saɣim, duk Gana da sunan Hausa ta san shi, tuwon zafi. Waakye wake ne da shinkafa. Koko da ƙosai da fura sun tafi har bakin teku da sunayensu.

A gini ma haka. Gidan Badagwambe zagaye ne na ɗakuna masu rufin ciyawa, kuma ta wani babban ɗaki ake shiga, wanda suke kira zɔŋ, inda maigida ke zama da baƙinsa. Aikin zaure yake yi, ba ragi ba ƙari. A ƙauyukan Dagwamba an san al'adar ƙawata bakin ƙofa da fasassun tangaran da ake dannawa cikin laka tun tana ɗanya, wato farantin da aka ƙera a wata nahiya ya fashe ya zama adon gidan ƙasa. Iyayenmu mata kuma sun ɗauki kwanukan sha da na miya masu fure, waɗanda aka yi a masana'antun Turai da Asiya, suka jera su a ɗakin amarya har jere ya zama namu, babu wanda ke tambayar daga ina ya zo. Kuma kafin wani ya ce zaman ƙasa alamar talauci ne, ya tuna cewa a wannan yanki a kan fata ake naɗa sarki. Ya Na a Yendi a kan fatu yake zama, masu kujera kuma su durƙusa a gabansa.

To amma me ya sa Hajiya ke jin kunyar tabarma? Mun daɗe muna juya wannan tambaya. Muna ganin tun daga makarantar boko da ofis aka sa mana a rai cewa wanda ya ci gaba a kan kujera yake, na ƙasa kuwa mai jiran a kira shi ne. Sai ga shi a gidajenmu an ci bashi an sayi manyan kujeru sun cinye falo, amma idan aka sauke tuwo kowa sai ya zamo ƙasa ya jingina da su. Duk mai karanta wannan shafi ya san gidan da ake haka, in ma ba nasa ba ne.

Abin da ba zai ƙetare teku ba

Ba duk abin da ya yi kyau a Seoul ne zai rayu a Bulpiela ba, kuma a nan Hajiya ta fi ɗanta gaskiya. Ƙofar takarda ba za ta kai damina biyu ba a gaban gara da ƙurar hunturu. Daɓe mai ɗumi ba shi da ma'ana a garin da zafin watan Maris ke kusantar digiri 40, abin da muke nema daɓe mai sanyi ne, kuma tayil ɗin da take so yana ba da wannan, ga sauƙin wankewa ranar da duba-gari suka zagayo. Tabarma tana shan miya, saboda haka sai an sami ninki biyu, ana amfani da wasu ana shanya wasu. Murhu a tsakiyar tebur kuwa mun roƙe shi ya manta da shi. Ba tare da bututu mai jan hayaƙi da wutar lantarkin da ba ta yankewa ba, gawayi a rufaffen ɗaki ajali ne. Su kansu Koriyawa sun ɗanɗana, domin daga shekarun 1950 zuwa na 1980, lokacin da suka koma hura ondol da curin kwal, iskar guba da ke tsiyayowa ta tsagin daɓe ta kashe mutane da yawa cikin barci. A bar mai tsire a waje inda iska ke kaɗawa.

Akwai kuma maganar masu cin abincin. Tamale garin babur ne da keke, kuma yawancin masu tsayawa a wurin Hajiya da rana magina ne da makanikai da masu tuƙa keke mai ƙafa uku, waɗanda ke da minti goma kacal. Mai takalmin aiki da ya sha siminti ba zai tsaya kwance igiya ba saboda malmala biyu. Ga fargabar a fito a tarar takalmi ya yi ƙafa, abin da ko a ƙofar masallaci ba mu tsira daga gare shi ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda rumfar ba ta taɓa samu ba: matan aure da ke aiko yaro da kwano saboda ba za su zauna a benci ɗaya da maza a bakin titi ba, da magidancin da ke son ya fito da iyalinsa ranar Juma'a amma babu wurin da zai kai su da ya dace da aljihunsa da mutuncinsa. Ɗan Hajiya ya ce waɗannan yake hange, kuma da ya faɗi haka ne muka ga ta yi shiru ta fara saurarensa.

Mu da hannu muke ci, su da cokali da sanduna, don haka akwai abin da za mu ƙara wanda tsarinsu bai damu da shi ba, wato ruwa a bakin ƙofa. Wani dattijo a cikinmu, tsohon magini, shi ya kawo shawarar a yi famfo biyu da ɗan dakalin zama da magudana a gefen mashiga, yadda wuri ɗaya zai yi wa mai wanke hannu da mai alwala, tare da randa a kusa saboda ranakun da famfon Tamale ke yin nasa halin. Daga nan shawara ta fara tafiya da kanta. Rumfa za ta zauna a gaba da bencinta da teburinta domin masu sauri. Ciki za a kasa shi biyu. Gefe ɗaya tayil da kujeru, ɗaya gefen kuma a ɗaga shi ya zama dandamali, a shimfiɗa masa tabarmi da matasan fata daga majemar Zango, a sa gajerun teburan da kafintan unguwa zai iya yi, a ware ƙarshensa da asabari domin mata da iyali. Ma'ajiyar takalma za ta kasance inda mai zuba abinci ke ganinta. Labule kuma na saƙin da ake ɗinka batakari da shi, tun da masaƙan suna nan kusa.

Da magini ya tambayi tsawon da za a ɗaga dandamalin, yaron ya fara neman awo a wayarsa. Hajiya ta miƙe ta ce a kawo igiya a auna daga ƙasa zuwa gwiwarta, domin tsoho ya zauna a gefe ƙafarsa na ƙasa ba sai ya tanƙwashe ba, mai kawo abinci kuma ya ajiye kwano ba tare da ya durƙusa ba. Ɗan ya ce ai a Koriya ma akwai irin wannan, wani faffaɗan gadon katako da ake ajiyewa a tsakar gida ko a gindin bishiya, suna ce masa pyeongsang. Ta ce ita dakali ta sani. An auna, an buga alama a bango da gawayi, kuma an tsayar da cewa za a fara aiki da zarar ruwa ya ɗauke. Maganar talabijin ce har yanzu ba a gama ba, domin shi ya ce tana hana mutane hira, ita kuma ta ce ranar da Gana ke wasa cinikinta ninkawa yake yi.